DAGA KUNDI ZUWA FOTAL: TARIHIN RIƘON BAYANAI A JAMI'O'IN NAJERIYA

Jama'a, a yi haƙuri, rubutun yau yana da tsawo. Mai sauri ya adana shi sai ya samu natsuwa, domin maganar ta shafi duk gidan da ke da ɗa ko 'ya a jami'a, da wanda ya gama yana zaman jiran takardarsa, da malamin da albashinsa ya taɓa maƙalewa.

Cikin shekara ɗaya da rabi, abubuwa uku sun faru a ƙasar nan, kowanne aka yi kwana biyu ana cece-kuce a kansa aka wuce. A ƙarshen Disambar 2023, jaridar Daily Nigerian ta fitar da binciken ɗan jarida Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi, alhali ya taɓa yin bautar ƙasar a baya. A tsakiyar 2024, asusun lamunin karatu na NELFUND ya ɗage ranar buɗe wa ɗaliban makarantun jihohi ƙofa, saboda yawancin makarantun ba su turo bayanan ɗalibansu ba. Sai ranar 14 ga Mayun 2025, shugaban JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya bayyana cewa an samu tangarɗa a sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas.

In ka kalle su sama-sama, sai ka ce babu abin da ya haɗa su: na farko cuwa-cuwa, na biyu sakaci, na uku matsalar na'ura. Amma ciwon guda ne, sunansa riƙon bayanai. Wa ya rubuta suna da maki? Wa ke da ikon gyarawa? Wa ya duba kafin a amince? A ina aka ajiye? In ya ɓace ko aka sauya shi, wuyan wa za a kama? Yanzu kusan kowane shugaban jami'a maganarsa ita ce mayar da komai kan kwamfuta, kullum ana ƙaddamar da sabon fotal. Abu ne mai kyau. Sai dai tarihinmu ya nuna duk lokacin da aka sayo na'ura ba a amsa waɗannan tambayoyi biyar ba, tsohuwar ɓarna ake kwashewa a juye a sabon mazubi. Bari mu waiwaya, tunda an ce waiwaye adon tafiya.

ZAMANIN IJAZA

Tun kafin boko, ƙasar Hausa ta san shaidar karatu. Ɗalibin da ya sauke littafi a zauren malami yakan samu ijaza, wato izinin karantar da shi, kuma ijazar takan zo da salsala: wane ya karanta a wurin wane, shi ma a wurin wane, har a dangana da mawallafin littafin. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Asanidul Faƙir inda ya tattara irin waɗannan salsaloli nasa. Ƙaninsa Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi, ya jero malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. In ka so, ka kira shi transkirif ɗin wancan zamani.

Ƙarfin wannan tsari shi ne kowace shaida tana rataye a wuyan mutum mai suna. In baƙo ya zo gari ya ce ya sauke littafi kaza a wurin malam wane, ana iya aikawa a tambaya, malamin kuma ya san mutuncinsa ne a kan takardar. Rauninsa kuwa a fili yake: kundi ɗaya ne a gafaka, gara ko gobara ko magada marasa kula suna iya gamawa da shi. Ku riƙe waɗannan biyun, ƙarfin da raunin, za mu sake haɗuwa da su a gaba.

ZAMANIN RAJISTA DA FAYIL

Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta fara a 1948 da ɗalibai 104, kuma har zuwa 1962 digirin Jami'ar Landan take bayarwa. Ma'ana, akwai ido na waje da ke duba jarrabawa da sakamako kafin a ce wane ya ci. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Oktoban 1962 da ɗalibai 426. Irin wannan adadi, magatakarda da 'yan akawunsa sun isa su riƙe shi a babbar rajista da fayil guda ga kowane ɗalibi. Malami ya san fuskar duk wanda ke ajinsa. In maki ya ɓace, a yini ɗaya za a gano inda ya maƙale.

Waɗanda suka kafa jami'o'in nan kuma sun san darajar takarda. Kenneth Dike, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Ibadan, masanin tarihi ne, kuma fafutukarsa ce ta haifar da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a 1954, wadda take da reshe a Kaduna. Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970 ƙarƙashin jami'ar ta Zariya. To amma kulawar ta fi karkata ga tsofaffin takardun da masana tarihi ke buƙata. Takardun jami'ar kanta na yau da kullum, rajistar ɗalibai da sakamako da fayil ɗin ma'aikata, an bar su a matsayin aikin ƙananan akawu, a ɗakin da ba wanda ke son a kai shi. Wannan raini ya biyo mu har yau.

SAI AKA YI YAWA

A 1975 gwamnatin soja ta kafa sabbin jami'o'i da kwalejojin jami'a bakwai a Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilori, Kalaba da Fatakwal. Lokacin kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, sai ka ga ɗalibi ɗaya ya samu gurbi a wuri uku, ya tafi ɗaya ya bar biyu babu kowa, wani kuma yana gida bai samu ko ɗaya ba. Wannan ne ya sa aka kafa JAMB a 1978. Kun ga ke nan, JAMB kanta matsalar bayanai ce ta haife ta: ba wanda ke da jerin sunaye guda da kowa zai duba.

A ƙarshen shekarun 1980 kuma hukumar NUC ta shimfiɗa tsarin zango biyu a shekara da lissafin maki kwas-kwas a duk jami'o'i. Tsari ne mai amfani, amma ya ninka aikin rubutu ba kaɗan ba. Mu yi lissafi a saukake. A ƙaddara jami'a tana da ɗalibai 30,000, kowanne yana ɗaukar kwas 16 a shekara. Sakamako 480,000 ke nan a shekara ɗaya, kowanne da makin gwaji da makin jarrabawa, ban da masu kariyoba da za a bi su shekara da shekara. Kuma kowane maki sai ya bi hannu wajen shida: malamin kwas, jami'in jarrabawa na sashe, taron sashe, taron tsangaya, majalisar malamai ta jami'a, sannan ofishin magatakarda. A kowane mataki ana sake kwafa da biro ko tafireta. Mai 67 yana iya wayar gari da 76, mai 76 ya koma 16, wani kuma a tsallake layinsa gaba ɗaya.

Duk wannan ya faɗo daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda aka fara a 1986, ya karya darajar naira. Ɗalibai na ƙaruwa, kuɗin sayen kabad da takarda na raguwa, ƙwararrun malamai na ficewa. Fayil ya koma ƙasa a ɗaure da igiya, rufin ɗaki na yoyo. Daga nan ne kalmar "sakamakonka ya ɓace" ta zama ruwan dare, kuma neman transkirif ya zama tafiyar da sai ka yi guzuri, ka nemi wanda ya san wani. A 1999 aka ba jami'o'i masu zaman kansu uku na farko lasisi, yau kuwa jami'o'in ƙasar nan sun haura 270.

KWAMFUTA TA ISO

Kada a ɗauka kwamfuta baƙuwa ce a jami'o'inmu. Tun 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan. A Zariya akwai tsohuwar cibiyar kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A ƙarshen shekarun 1980 NUC ta fara gwajin tsarin adana bayanan gudanarwa a kwamfuta a wasu jami'o'i ƙalilan, a shekarun 1990 ta kawo NUNet don aika saƙon imel tsakanin jami'o'i. Daga shekarar 2000 gidauniyar MacArthur ta Amurka ta tallafa wa Zariya da Bayero da Ibadan da Fatakwal, har da fannin sadarwa. A 2014 aka ƙaddamar da NgREN don haɗa jami'o'in tarayya 27 a layi ɗaya. Ga kuma TETFund, wadda asalinta asusun harajin ilimi ne na 1993 da gwagwarmayar ASUU ta samar, tana gina cibiyoyin kwamfuta ko'ina. Wato dai an kashe kuɗi, ba za a ce ba a kashe ba.

To ina gizo ke saƙar? Kowane ofishi ya yi nasa rumbun shi kaɗai. Ofishin ɗaukar ɗalibai da nasa jerin, ofishin kuɗi da nasa, sashe yana riƙe da maki a Excel cikin kwamfutar jami'in jarrabawa, laburare da asibiti da masu rabon ɗakin kwana kowa da nasa. Ka tambayi jami'a ɗalibai nawa take da su yau, ofishi uku su ba ka amsa uku.

Mu 'yan Arewa abin ya fi cin mu, saboda yanayin sunayenmu. Yaro ɗaya shi ne Muhammad a takardar firamare, Mohammed a WAEC, Muhammed a JAMB, Moh'd a katin makaranta. Wani wurin an sa sunan mahaifi a gaba, wani wurin sunan kaka, wani wurin sunan gari. Ranar haihuwa kuma ta takardar rantsuwar kotu daban, ta katin ɗan ƙasa daban, kuma rabin ajin duk 1 ga Janairu aka haife su. Akawu na zamanin fayil zai kalle ka ya ce ai kai ne, wuce. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Harafi ɗaya ya bambanta, a wurinta mutum biyu ne. Shi ya sa yaro zai gama karatu lafiya, ranar tura sunaye bautar ƙasa ko neman lamuni a ce bayanansa ba su dace ba.

Sai matsalar 'yan kwangila. Jami'o'i da dama sun miƙa fotal ɗinsu ga kamfanoni, kamfani ya gina, ya riƙe rumbun da kalmar sirri, yana cire kasonsa daga kuɗin rajistar kowane ɗalibi. Ranar da aka ɓata, ko aka yi sabon shugaba ya zo da nasa kamfanin, sai a tarar jami'a ba ta da cikakken kwafin bayanan ɗalibanta. A sake cewa kowa ya yi rajista daga farko. Raunin nan na kundi ɗaya a gafaka ne ya dawo, sai dai yanzu gafakar tana hannun wanda ba ma ɗan gida ba.

DARASIN JAMB

In ana neman inda aka gwada gyara da gaske, a duba JAMB, da nasararta da tuntuɓenta. A 2005 aka ba jami'o'i damar yin tasu jarrabawar bayan ta JAMB, domin sun daina yarda da makin da ake kawo musu. A 2013, zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, aka fara jarrabawa a kwamfuta, a 2015 aka koma kanta gaba ɗaya. Da Oloyede ya zo a 2016, aka soke sayar da katin kankarewa, aka bi sawun kuɗin katunan da aka sayar a baya. A wannan binciken ne a 2018 aka ji labarin da ya girgiza ƙasa, cewa maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin hukumar na Makurdi. Mun yi dariya mun more, amma darasin shi ne macijin bai bayyana ba sai ranar da aka ɗora adadin katin da aka fitar a kan adadin kuɗin da ya shigo.

A 2017 aka fito da CAPS, inda duk gurbin da makaranta za ta bayar sai ya bi ta rumbu ɗaya, ɗalibi ya gani ya karɓa ko ya ƙi. Bayan 'yan shekaru JAMB ta bayyana cewa tsakanin 2017 da 2020 manyan makarantu sun ɗauki sama da ɗalibai 700,000 ta bayan fage, ba su bi ta CAPS ba. Yaran nan sun biya kuɗi, sun zauna a aji, sun ci jarrabawa, amma a rumbun ƙasa babu su. Sai da ministan ilimi ya yi afuwa aka shigar da su. A 2021 aka wajabta lambar NIN kafin rajista, don a toshe masu rajista da suna biyu da masu zana wa wasu.

Sai ga 2025. Kamar yadda hukumar ta bayyana, an yi wa manhajar jarrabawa gyara, amma gyaran bai isa wasu na'urorin da ke kula da cibiyoyin Legas da Kudu maso Gabas ba, sai aka yi wa amsoshin yara makin da ba nasu ba. Iyaye suka yi ca, aka gayyato masana daga waje suka duba, aka sake wa yaran jarrabawa. Ɓarna ce babba, ta jefa gidaje cikin tashin hankali. Amma ku lura da abu ɗaya: an iya faɗin adadin waɗanda abin ya shafa har zuwa mutum na ƙarshe, da cibiyoyinsu, saboda akwai sawun da aka bi. A zamanin takarda da fensir, da yaran nan sun tafi a matsayin waɗanda suka faɗi, shi ke nan. Tambayar ita ce, jami'o'inmu nawa ne za su iya bin sawun makin ɗalibi haka idan ya yi ƙorafi?

YAƘIN IPPIS

Wanda ke ganin maganar bayanai ta masu kwamfuta ce kawai, ya tuna rikicin IPPIS. An fara tsarin a 2007 da tallafin Bankin Duniya, don biyan albashin ma'aikatan tarayya daga rumbu ɗaya a ofishin Akanta Janar da kawar da ma'aikatan bogi. A Oktoban 2019 Shugaba Buhari ya ce duk wanda bai shiga ba, babu albashi. ASUU ta ce atafau. Hujjarta: doka ta ba majalisar gudanarwar kowace jami'a ikon ɗauka da biyan ma'aikatanta, kuma tsarin bai san malamin da ke hutun bincike a wata jami'a ba, bai san malamin ziyara ko na wucin gadi ba. Gwamnati kuma ta ce ita ke biya, dole ta san wa take biya.

ASUU ta ƙera tata manhajar, UTAS. Hukumar NITDA ta ce ba ta tsallake gwaji ba, ASUU ta ƙaryata. Ƙungiyoyin ma'aikatan da ba malamai ba su ma suka fito da tasu, U3PS. An rufe jami'o'i wata tara a 2020, aka sake rufewa wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Gaskiya ne akwai wasu buƙatun, kamar yarjejeniyar 2009 da kuɗin farfaɗo da jami'o'i da alawus, amma IPPIS na cikin manyan ƙusoshin rikicin. A Disambar 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin.

Kowa da ɓangaren da ya goya wa baya, ba wannan ya kawo mu ba. Abin da ya fito fili shi ne babu jerin sunayen ma'aikata guda da gwamnati da jami'a suka yarda da shi tare. Da akwai shi, ana tantance shi duk shekara a gaban kowa, da gardamar manhaja ba ta kai haka ba. Giwaye suka yi faɗa, ɗalibai suka yi asarar wata goma sha bakwai.

DOKA TA SHIGO

A 2019 NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanan jama'a, a Yunin 2023 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a cikakkiyar dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Hukumar ta sanya manyan makarantu cikin rukunin masu riƙe da bayanai masu muhimmanci. Wato jami'a sai ta naɗa jami'in kare bayanai, in an yi mata kutsen da zai iya cutar da mutane ta sanar da hukumar cikin awa 72, kuma ɗalibi yana da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara kuskure.

Ku duba abin da jami'a ke riƙe da shi: zanen yatsa, hoto, lambar NIN, lambar waya, adireshin gida, sunan iyaye, sakamakon gwajin asibiti, asusun banki. Sannan ku duba yadda muke yi da su. Jerin sunaye da lambobin waya na yawo a zaurukan WhatsApp. Ɗaliba ta fara samun kira daga baƙon da ba ta san inda ya samu lambarta ba. Mai shagon intanet a bakin ƙofar makaranta yana riƙe da kalmar sirrin ɗalibai ɗari a littafinsa. Ma'aikaci ya yi ritaya ko an sauya masa wurin aiki, amma har yanzu yana iya shiga rumbun.

Kuma sau da yawa ɓarawon na cikin gida ne. A 2024 hukumar NYSC ta soke takardun bautar ƙasa 101 na mutanen da aka tura da sunan Jami'ar Kalaba ba bisa ƙa'ida ba, kuma shugabar jami'ar ce da kanta ta kai ƙorafin bayan ta ga sunayen da ba ta san da su ba. A shekarar ne ministan ilimi Farfesa Tahir Mamman ya ce sama da mutum 22,000 na yawo da digirin bogi daga Benin da Togo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2025 gwamnati ta fito da rumbun NERD, ta ce sai ɗalibi ya shigar da kundin bincikensa kafin a tura shi bautar ƙasa. Madalla. Amma rumbun Abuja abin da jami'o'i suka zuba masa shi zai riƙe. In gurɓatacce aka zuba, gurɓatacce za a ɗebo.

TO MENE NE ABIN YI?

Tarihin nan ya nuna gyaran ba ya farawa daga kasuwar kwamfuta. Yana farawa ne daga teburin majalisar jami'a, a zauna a rubuta ƙa'ida.

Na ɗaya, kowane irin bayani ya samu mai shi da suna da muƙami. Rajistar ɗalibai ta magatakarda ce, maki na majalisar malamai ne, kuɗi na ma'aji ne. Sashen kwamfuta mai gadin rumbu ne, ba shi da ikon taɓa abin da ke ciki. Ƙarfin nan na ijaza ke nan, shaida a wuyan mutum mai suna.

Na biyu, ɗalibi ɗaya, lamba ɗaya, rumbu ɗaya da kowane ofishi zai ɗiba daga ciki. A daidaita suna da ranar haihuwa da na NIN da JAMB tun a aji ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, malami ya shigar da makinsa da kansa sau ɗaya, kuma duk gyaran da aka yi bayan nan ya bar sawu: wa ya gyara, yaushe, daga nawa zuwa nawa, da izinin wa. Wanda ya shigar kada ya zama shi ne mai amincewa.

Na huɗu, duk kwangilar fotal a rubuta ƙarara cewa bayanan na jami'a ne, kwafi yana hannunta kullum, kuma akwai wani kwafin a wani wuri daban da ake gwada shi lokaci-lokaci a tabbatar yana buɗuwa.

Na biyar, a koma ɗakin tsofaffin fayil kafin gara ta ƙarasa su. Wanda ya gama a 1988 shi ma yana da haƙƙin transkirif. A ɗauki hotonsu, a shigar, a sa wani ya tantance. A kuma ɗaga darajar ma'aikatan wannan ɗaki, a horar da su, a daina mayar da wurin gidan horo.

Babu ɗaya cikin biyar ɗin nan da ya kai tsadar ginin babbar ƙofar shiga jami'a. Abin da ke sa su wuya shi ne suna rage wa wasu iko, suna toshe wa wasu hanyar samu, kuma ba a yanka musu kirtani a gaban kyamara.

Ku kuma ɗalibai, kada ku jira. Yau ɗin nan ka ɗauko takardar WAEC ko NECO, da ta JAMB, da ta NIN, da abin da ke fotal ɗin makarantarku, ka jera su ka duba harafi-harafi. Ka tabbatar sunanka na cikin jerin waɗanda JAMB ta san an ɗauka. Duk zango ka fitar da sakamakonka ka adana, ka sauya kalmar sirrin da mai shago ya sani. Iyaye, a riƙa tambayar yara waɗannan abubuwa kamar yadda ake tambayar kuɗin makaranta. Tsofaffin ɗalibai da 'yan majalisar gudanarwa, in an gayyace ku bikin ƙaddamar da sabon fotal, ku yi tambayoyin nan biyar kafin a raba lemo.

Wanda ya taɓa shan wahalar neman transkirif ko gyaran suna, ya faɗa mana wata nawa ya ɗauka da yadda aka ƙare, ba sai ya ambaci sunan kowa ba. Wanda kuma makarantarsu ta gyara nata tsarin har ana samun takarda cikin kwanaki, shi ma ya faɗa, domin a yaba, wasu su yi koyi.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa yaranmu su ci moriyar wahalarsu.